Simintin da Kardi Ya Zuba

Litinin, 4 ga Nuwamba

Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo ya auna farfajiyar da nake shanya kerupuk, ƙanzon garin rogo da nake sayarwa. Wai sabon harajin magudanar ruwa: gwargwadon faɗin simintinka, gwargwadon abin da za ka biya, don ruwan sama ba ya nutsewa a siminti. Na kira shi Mas, yadda muke girmama namiji a nan, na ce, "Ni na aiko da ruwan?" Ya yi yaƙe. Ya ce in na fasa wani ɓangare, na haƙa ramin da ruwa zai nutse, za a yafe mini rabi. In fasa simintin da marigayi mijina Kardi ya zuba! Ko shayi ban ba shi ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Rana daga sama, zafin siminti daga ƙasa, haka kerupuk ke bushewa. Ko akuya ta san wannan, ban da mai zama ƙarƙashin fanka.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ashe har da hannun Yu Parmi. Maƙwabciyata mai sayar da tempe, wato curin waken suya, wadda ta dafa wa masu ta'aziyyar Kardi abinci har aka watse. An ji ta a ofishin unguwa tana cewa ruwan farfajiyata ne ke cika mata ɗakin tempe. Na leƙa ta katanga na ce, "Yu, ƙarata kika kai?" Ta ce, "Tambayata aka yi, Dik ƙanwata. In yi ƙarya?" Na ce, "Ki yi mana! Sau nawa na yi miki?"

Ta ci gaba da naɗe waken suya a ganyen ayaba. Wai in daminar bana ma ta ɓata mata tempe, rufe shagon za ta yi, ta koma wurin 'yarta a birnin Surabaya. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kowa a layin nan ɗaga gidansa yake yi. Haka muka tarar: ruwa ya hau, ka zuba ƙasa da siminti, kai ma ka hau. Kardi ya yi ta ɗaga farfajiyar nan, ɗagawar ƙarshe ma yana tari ya yi ta, da kuɗin da muka tara na Umara. Laifinmu ne mijin Yu Parmi ya ƙarar da nasu kuɗin a kan tsuntsayen gasar kuka? Yanzu shagonta sai an gangara ake shiga. Ruwan da ya dake ta ai shi ya dake ni.

Ta aiko da tempen Asabar kamar kullum. Na mayar.

Talata, 3 ga Disamba

Ruwa tun azahar. Na kwashe faya-fayan kerupuk, sannan na tsaya a baranda don in kama Yu Parmi da ƙarya. Ruwan ya taru, ya bi gangaren da Kardi ya gyara da hannunsa don kada ya kwanta mana, ya fita ta kusurwa. Ba kwata ya nufa ba. Ƙarƙashin ƙofarta ya shige.

Shekara da shekaru, da an fara yayyafi faya-fayaina kawai nake kallo. Raina ya ɓaci matuƙa. Haushin hukuma, haushin Yu Parmi, har da haushin Kardi, Allah ya jiƙansa, da ya tafi ya bar ni da wannan.

Alhamis, 5 ga Disamba

Tempenta ya yi baƙi, duka. Na gan ta tana juye wa mai awaki. Ta fara tara kwalayen kaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Bakinki ciwo yake yi? Me ya hana ki faɗa mana tun Kardi yana da rai?" Ta ce, "Mutum yana tari yana kwaɓa siminti, Dik, sai in je in ce ya bari?"

Sai na juya na zagi kazarta da ta shigo mini.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na aro guduma. Kusurwar nan ce kawai, dama ta tsage. Don ragin haraji na yi, ba don kowa ba.

Kardi bai san ha'inci ba, simintin kamar dutse, hannuna duk ya yi bororo. Yu Parmi ta fito ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Ba haka ake riƙe guduma ba." Na ce, "To zo ki riƙe, sarauniyar kai ƙara." Ta zo. Da na ga ƙasa ta leƙo na yi kuka kaɗan, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ban yafe mata ba. Na dai ce ta kawar da kwalayen nan, suna tare hanya.

Sai da muka wanke hannu na tuna ban ma tambayi ma'aikacin girman ramin da ake so kafin a yi ragin ba.