Na Ga Kafaɗunka Ta Taga

Zuwa gare ka Dogona, sanyin idona, inuwata idan rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, uban 'ya'yana.

Na zaɓi takarda ne saboda waya ta daina yi mini amfani. Allurar da ake yi mini ta cinye kunnena na hagu, na dama ma sai an ɗaga murya. Idan ka kira, murmushi kawai nake yi ina cewa "to, to," alhali muryarka tana zuwa mini kamar daga ƙasan rijiya. Wace irin jinya ce wannan, da za ta bar mace da ranta ta ɗauke mata muryar mijinta?

Amma idona ƙalau yake, Dogo. Ranar ziyara da ka tsaya a bayan tagar ɗakinmu na keɓewa a nan asibiti, kana yi mini alama da hannu cewa yara lafiya, sau biyu ka juya mini baya. Ban ji komai ba, amma na ga kafaɗunka suna girgiza. Na ga wuyan rigarka ya yi maka yawa. Kafaɗun nan na san su tun ranar da aka kira ka gyaran bencuna a ajina, ka auna benci ɗaya sau uku, har yara suka fara dariya suna cewa kafintan nan bai iya awo ba. Ni kuwa na san abin da kake aunawa. Shekara goma sha ɗaya ina jingina da su, yaya za su ɓoye mini tari?

Na san abin da za ka ce: ƙurar katako ce. Ni ma ƙurar alli na ce.

Ka tuna yadda muka yi. Wata biyu ina shan maganin tari na kemis, kwalba bayan kwalba. Sai ƙaramin asibitin bayan layinmu, inda suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, da na koma suka ce taifot. Gwaggonka ta zo ta dube ni, ta rage murya ta ce, "'Yar nan, kada ki kuskura ki ambaci tarin fuka, mutane za su guji ƙofarku." Ta dafa mini saiwoyi, na sha, don ni ma abin da nake son ji ke nan. Ina tsoron hedimasta ya raba ni da ajina. Sai ranar da nake rubutu a allo, na yi tari a hankici, na ga jini, na dunƙule shi a hannu na ƙarasa darasin.

Ko da aka ce tarin fuka ne, ba mu tsira ba. Wata shida ina haɗiyar ƙwayoyi, kai ne kake miƙo mini ruwa kowace safiya, ni kuwa sai ƙara bushewa nake yi kamar karan da aka manta a gona. Wata nas ta ce ƙarya nake yi, tsallake magani nake yi. Ban taɓa ganin ranka ya ɓaci irin na ranar ba. Ka ce wa nas ɗin, "Malama, da hannuna nake ba ta." Sannan fa aka tuna akwai na'urar da ke gane tarin da ba ya jin magani. Tasu ta lalace, aka aika kakina wani wuri, muka yi mako bakwai muna jira.

Wata goma sha huɗu, masoyina, daga tarin farko zuwa ranar da aka faɗa mana cewa tarin nawa ba ya jin magani. Duk a ɗaki ɗaya, taga ɗaya, matashi ɗaya, Auta tana kwance a tsakaninmu. Likita ya ɗaga hoton ƙirjina a haske ya nuna mini huhuna na hagu, duk ramuka kamar ganyen da tsutsa ta ci. Ya ce wannan ɓangaren ba zai dawo ba. Bai ce da kin zo da wuri ba, amma na gani a fuskarsa.

Matar da ke gadon kusa da nawa, mai kitso ce, ta rasu ranar Talata da hantsi. Shekara biyu ta yi tana zagayen da na yi. Ita ce take rubuta mini abin da likita ya faɗa idan ban ji ba. Yanzu an naɗe katifarta, ƙarfen gadon kawai nake kallo.

Don haka ina roƙonka, hasken gidana, don girman Allah, kada ka bi ta kemis, kada ka saurari Gwaggo, kada ka ce sai ka gama ƙofofin da ke hannunka. Ka rufe shago gobe da safe. Ka ɗauki Babba da Auta ku zo babban asibiti. Ka faɗa musu da bakinka, ba kunya: matata tana da tarin fuka wanda ba ya jin magani, a gwada kakinmu da na'ura. Idan sun ce ka dawo wani mako, ka zauna a bencin nan har su gaji da ganinka. Idan mu biyu muka kwanta, wa zai ɗaure wa Auta takalmi?

Kewarka tana cina fiye da ciwon, amma ka ji wannan da kyau. Ranar ziyara mai zuwa, idan ka zo babu takardar gwaji a hannunka, ba zan taso ba. Zan juya fuskata bango, in san kana tsaye a waje, in yi kukana, amma ba zan taso ba.

Sauran numfashin da ya rage a ƙirjin nan naka ne, ko ya yi tsawo ko ya gajarta. Ban taɓa son wani ba kafin kai, kuma ba ni da wurin ajiye wani bayanka.

Taka har ƙarshen raina,
Malamarka