Bugun Itacen Shitake

Kunisaki, 2 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga 'yata Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da aikin asibiti.

Naman aladen da kika aiko ya iso, na ba kawunki Genzo. Kada ki ɓata fuska, ina ganinki daga nan. Na san an yi addu'ar kwana arba'in da tara ta rasuwar babanki tun watan jiya, kowa ya ci naman fita makoki ya goge baki. Ni ban ci ba. Farar shinkafa da romon shitake sun ishe ni. Da wannan laimar kwaɗin muka rene ki har kika zama malamar abinci.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Kin san yadda babanki yake hawa tudu da gudumarsa idan kaka ta yi, ya bi itatuwan da muka jingine layi takwas yana bugun kansu, don shitake ya farka ya tsiro. Yau kwana uku ina jin bugun da hantsi. Biyu da ƙarfi, ɗaya a hankali, yadda ya saba. Gudumar kuwa da hannuna na sa masa a akwatin gawarsa.

Ki huta lafiya. Mahaifiyarki, Tomie

Fukuoka, 7 ga Oktoba

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da ladabi, amma wasiƙarki ta tayar min da hankali.

Ba raina shitake nake ba. Yana gyara ciki, ba shi da kitse, wanda aka shanya a rana kuma yana ƙarfafa ƙashi. Amma ɗanyensa kusan duk ruwa ne, abin gina jiki a cikinsa kaɗan ne. Akwai kuma wani bitamin da jijiyoyi da zuciya ba sa rayuwa sai da shi. Naman alade cike yake da shi, 'yan yankan shitaken da kike jefawa a romo ba su kai ko'ina ba, farar shinkafa kuwa an surfe nata. Wata uku ke nan kina haka, Inna! Ƙafa takan fara kumbura, sai mantuwa, sai mutum ya riƙa jin abin da babu. Ki danna ƙaurinki da yatsa, ki gaya min ko wurin ya lotsa.

Baba ya rasu. Bugun nan yunwar jikinki ce.

'Yarki mai ƙaunarki, Chizuru

Kunisaki, 17 ga Oktoba

Chizuru,

Gaisuwa. Ban iya doguwar wasiƙa ba.

Jiya na tarar da uwarki a ƙasa kusa da murhu, ta kasa tashi. Ƙafafunta sun yi suntum, na danna ya lotsa. Na ce, "Yaya Tomie, so kike ki kashe kanki a kan itace?"

Ta ce, "Rufe min baki, yana layi na biyar."

Na saurara, ban ji komai ba sai hankaki. Na ce, "Yarinyar nan ta ce rashin nama ne."

Ta ce, "Na sani, kai sakarai. Na ɗauko littafinta na makaranta na karanta, gaskiya ta faɗa. Amma malamin haikali ya ce sai gida ya ci nama makoki yake ƙarewa, mamaci ya kama hanyarsa. In na ci, na sallame shi ke nan. Bai taɓa barin aiki rabi ba, ku bar shi ya gama."

Ban hau tudun ba. Zan ce gwiwa ce ta hana ni, amma ke ma kin san ƙarya ce. Numfashinta ba ya min daɗi. Ki yi wani abu.

Kawunki, Genzo

Fukuoka, 21 ga Oktoba

Inna,

Ina gaisuwa, ki kuma yafe min abin da zan faɗa.

Na sake aiko nama, da ƙwayoyin magani daga likitanmu. Kawu zai dafa ya tsaya a kanki. In ya ce min ba ki ci ba, ranar Lahadi zan zo da mota in kawo ki asibiti, ba kuma za ki sake ganin tudun nan ba. Zuciyarki za ta iya tsayawa kafin a kai layi na takwas. Na sha kuka a kan Baba, ba ni da ƙarfin wani kukan a shekara ɗaya. Tsoro nake ji, Inna.

'Yarki, Chizuru

Kunisaki, 4 ga Nuwamba

Chizuru,

Gaisuwa da fatan alheri.

Na ci. Ranar Asabar da hantsi na ci, yana cikin bugu. Ina haɗiye lomar farko aka yi shiru. Ƙafafuna sun sace, har shara nake yi. Kwana goma sha ɗaya ban ji komai ba. Iliminki bai yi ƙarya ba.

Jiya na tilasta wa kawunki ya raka ni tudu. Ganye ya rufe hanya, babu sawun kowa. Layi na ɗaya zuwa na huɗu shitake ya buɗe har ya tsufa. Na biyar da na shida suna daidai tsinka. Na bakwai ya tsiro har itace na tara, daga nan kuwa ko ɗigo babu. Kawunki ya zauna a ƙasa.

Na ɗauki dutse na buga na goma da kaina, biyu da ƙarfi, ɗaya a hankali, na tsaya ina saurare har rana ta take. Ba wanda ya amsa.

Ba na fushi da ke. Kwana huɗu kawai suka rage masa.

Mahaifiyarki, Tomie