Ni na ɓoye ƙwayar Malam saboda ƙaho

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ban yi boko ba, murya na aiko wa admin ta rubuta, na ce ta sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsohuwa ce a Omdurman, shekara arba'in da uku ina gidan Malam. Wanzami ne, gado ya yi, kakansa da zabira ya zo ƙasar nan zai tafi hajji, ya zauna. Wata huɗu da suka wuce yana shan jabana, gahawar mutanen nan, hannunsa ya saki finjali, bakinsa ya karkace, can ya dawo daidai. Muka haye gada zuwa Khartoum, likita ya ce jijiyar wuyansa mai kai jini ƙwaƙwalwa ta kusa toshewa. Ta cinya suka zura masa wata 'yar ragar ƙarfe har wuya ta buɗe hanyar, da'ama suke ce mata. Aka ba shi ƙwaya biyu masu tsinka jini, fara da ja, likita ya kalle ni ya ce ya Hajja, ko kwana ɗaya kada a tsallake. Ni na karɓi aikin don ban yarda da hannun kowa ba, 'yata Nafisa ke sayowa, ni ke ba shi.

Da zafi ya shigo Malam ya ce sai ƙanensa ya yi masa ƙaho kamar kowace shekara. Na hana, muka yi cacar baki, ya ce shi da ya tsotse mataccen jinin rabin unguwa ba mace ce za ta koya masa jini ba. Ni kuwa na ga ranar da aska ta ɗan yanke shi a haɓa, har la'asar jinin bai tsaya ba. Sai na yanke shawara ni kaɗai, na daina ba shi ƙwayoyin mako guda kafin ƙahon, na ce masa likita ne ya ce a huta. Ina ganin dabara na yi. Aka yi ƙaho lafiya, na koma ba shi maganin, amma kwana biyu bayan nan ya faɗi wurin alwala. Ragar ta toshe. Yanzu ɓarin damansa ya shanye, magana ba ta fita.

Likita ya tambaye mu ko an tsallake magani, na ce a'a, a gaban 'ya'yana. Sai babban ɗana Usman ya huce a kan Nafisa, wai jabun magani ta sayo, ko gaisuwarta ba ya amsawa. Jiya tana wanke wa babanta ƙafa ta ɗago ta ce min, "Yumma, ni na kashe Baba da ransa ko?" Na ce ta yi min shiru. Malam yana kwance yana kallona, shi ya san abin da na faɗa masa.

Ƙwayoyin goma sha huɗu suna nan cikin gwangwanin turarena. Ran Alhamis za mu koma, likita ya ce tunda maganin bai yi aiki ba, zai sauya masa wani mai ƙarfi, ina tsoron ya cutar da shi. Ni da ban taɓa yafe wa yaro ƙarya a gidan nan ba. In fara gaya wa likita a keɓe, ko in tara 'ya'yana in buɗe gwangwanin a gabansu? Da wane baki zan fara wa Nafisa?