Inci Biyu a Wuyan Rigar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Darakta ya kira ni ofis bayan an tashi, ya rufe ƙofa. Wai daga kashi na gaba Hedimasta zai fara ciwo a cikin shirinmu na talabijin, kuma ba ya so kowa ya furta kalmar ciwo. So yake mai kallo ya gani da idonsa tun ba a gaya masa ba. Nawa aikin, a matsayina na mai kula da kayan sawa: in riƙa ƙara faɗi kaɗan-kaɗan, rabin inci a wuyan riga duk mako, kwat kuma in saki kafaɗa. Launi ma in janye, daga ruwan ƙasa zuwa ruwan toka.

Na ce, "Daga nan sai me?" Ya ce, "Haba Anti, ke ma kin sani."

Na sani mana. Mutum huɗu na sa wa ruwan toka a shirin nan, babu wanda ya ƙara wata uku.

Abin da ya yi kamar ya manta shi ne Hedimasta ubana ne. Shekara goma sha ɗaya Baba yana fitowa a haka. Ko a kasuwa Hedimasta ake kiransa, har Umma in ta yi fushi. In aka kashe Hedimasta ban san wa zai riƙa dawowa gida ba. Tsoro nake ji, wallahi.

Laraba, 5 ga Maris

Ban gaya wa Baba ba. Ya shigo ɗakin kaya yana tsokanata, "Mamana, wannan karin gugar naki sai ya yanka mutum." Na ce ya dai rage ci, na gaji da ɓoye masa inci guda a cikin kowane kwat saboda tumbi. Ya yi dariya har da tari.

Alhamis, 13 ga Maris

Na tsaya bayan Dogo mai kyamara. Tun farkon shirin nan durƙusawa yake yi in zai ɗauki Baba, kyamara na kallonsa daga ƙasa. Shi ya sa Baba, da ko kafaɗar Dogo bai kai ba, yake fitowa a talabijin kamar katanga, yara su nutsu in ya yi gyaran murya. Yau Dogo ya ɗaga kyamarar sama da kan Baba, ya ja baya, ya bar tebur da taga da kujeru duk suka shigo. A allon dubawa sai ga wani ɗan tsoho a tsakiyar ƙaton ofis. Sai da na juya na kalli Baban gaske don in tabbatar yana nan.

To, Dogo ya yi nasa. Ni ba da ni ba. Zan riƙa rubuta sabon awo a takardar da ke jikin hanga, amma almakashina ba zai taɓa kayan ba. In ciwon bai fito ba, ƙila darakta ya sake labari.

Talata, 25 ga Maris

Na ba Baba kwat ruwan toka, amma tsohon da na ɗinka bara a kan awonsa na kullum. Duk darakta ya gifta sai in kau da kai. In ya gane, aikina ya tafi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Ana cikin ɗauka darakta ya tafa hannu ya ce kowa ya zo ya ga aikin Anti. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Ashe yabo ne. Ya sa Dogo ya matso da hoton kan wuyan Baba. Wuyan rigar ya tsaya can, wuyan mutum can, yatsa biyu sai su shige tsakani. Kafaɗar kwat ta zubo. Da Baba ya ɗaga hannu zai nuna allo, agogonsa ya zame har tsakiyar hannu. Mai kwalliya tana cewa, "Kai, Anti, hannunki da sihiri." Ni kuwa ina murmushi kamar wawuya.

Da aka tashi na kulle ɗakin kaya na shimfiɗa rigar a tebur na auna wuyan. Sha shida da rabi. Na sake awo. Na ɗauko wani tef ɗin, ko wannan ya miƙe. Sha shida da rabi, yadda take tun ranar da na yanka ta.

Ban taɓa rigar nan ba. Innalillahi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Abincin rana cokali uku Baba ya yi, ya tura wa masu fitila. Tun yaushe yake haka? Ni da awon mutane ne sana'ata.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na je gida. Yana zaune cikin doguwar rigarsa ta shan iska, wadda ko mutum biyu ta ɗauka. Na shiga ɗakinsa da sunan neman caja, na ga bel ɗinsa a rataye. Sababbin huji uku, da ƙusa aka yi su, ba a ma daidaita ba.

Na kai wa Umma bel ɗin kicin. Ba ta ɗago daga wanke-wanke ba. "Shi za ki tambaya," in ji ta. Kofi ɗaya ta yi ta wankewa har na fita.

Laraba, 9 ga Afrilu

Dogo ya tare ni a bayan janareta. Ya ce, "Anti, akwai fitilar da nake kashewa ta gefe don kumatunsa su faɗa. Sati biyu ke nan ban kashe ta ba. Jiya ma ƙara wata na yi." Ƙato da shi, idonsa ya yi ja.

Litinin, 14 ga Afrilu

Baba ya shigo canza kaya, na murza makulli na zare tef daga wuyana. Na ce, "Baba, ɗaga haɓa." Ya ce ana jiransa. Na ce su jira. Na zagaya tef ɗin a wuyansa.

Sha huɗu da rabi.

Ya dubi rigar da ke hanga, ya dube ni. "Ashe ba ki taɓa kayan ba. Kai, Mamana, taurin kan nan naki. Kin ɓata min shiri."

Tun watan Janairu likita ya gaya masa. Shi da kansa ya je ya roƙi darakta a sa wa Hedimasta ciwo, kuma shi ya kawo dabarar ƙara faɗin kaya. Wai in na ga ya rame sai in ce aikin almakashina ne, masu kallo su ce gwanintar kyamara ce. "Da kin bi umarni, da kin samu wata uku kina barci lafiya."

Na yi masa tsawa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai yau. Na ce me likitan ya ce? Ya ce, "Kusan abin da darakta ya ce." Yana zuwa karɓar magani duk Juma'a, Umma ke raka shi. So yake ya gama shirin a tsaye da ƙafarsa.

Shi ya ɗaure maɓallan rigar da kansa, ni na kasa.

Talata, 22 ga Afrilu

Na cusa soso a kafaɗun kwat ɗin, na matsar da maɓallin wuya. Da na dawo daga salla na tarar da soson a kan kekena na ɗinki, an jera su biyu. Baba ko kallona bai yi ba.

Duk wayar da ta yi ƙara yanzu sai in yi wuf in duba ko Umma ce.

Talata, 6 ga Mayu

Yau aka ɗauki fitowarsa ta ƙarshe, inda Hedimasta ke sallama da ɗalibai. Baba ya ce tsohon kwat ɗinsa ruwan ƙasa yake so, na kashi na farko, kuma ya zauna masa daidai. Darakta bai yi musu ba. Kwana biyu na yi ina rage shi. Wuya sha huɗu yanzu.

Ya zauna masa cif. Da ya fito gaban ɗalibai, babu wanda ya ce wa Dogo komai, sai gani muka yi ya sauke kyamara ya durƙusa. Sun ce a allo ya fito kamar katanga, kamar da. Ban duba allon ba, shi nake kallo. Sau ɗaya ya dafa tebur.

In an rage kaya, ninke ragowar yadin ake yi a ciki, saboda ranar da mai shi zai murmure a sake masa. Haka nake yi wa kowa. Wannan na yanke shi. Don kada ya yi tudu a kyamara ne, ba wani abu ba.

Ƙyallen yana cikin jakata. Juma'a ni zan raka shi, Umma ta huta.