Zuwa ga Yaya Bukar, kan gonar alkamar Baba

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can, ya iyali? Mu nan Dogo Nini lafiya, sai kewa.

Na karanta wa Baba wasiƙarka, cewa a wurin bincikenku kuna barbarar alkama da furen masara don sabon iri ya fito da wuri. Ya yi dariya, sannan ya ce, "Ƙila in gani da idona."

Bana zafi ya ƙone alkamarsa, ciwon ƙafa ya hana shi fita. Tun rasuwar Inna mu biyu ne a gidan, tuwo har kwana yake yi. Ya hana a ba da gonar aro, wai sabon irin alkamarka yake jira.

A sa mu a addu'a, a gaida yara. Ka zo, Yaya, ko ba iri.

Ƙanwarka, Hajara