Lasin Yaya Edelmira

Lima, 4 ga Mayu

Yaya Edelmira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin maigidanki? Na ji tun da idonsa ya mutu akori-kurarsa na ajiye, cukunku na lalacewa kafin ya kai kasuwar Huancayo. Na kuma ji kin sake faɗuwa jarrabawar ƙa'idojin hanya. Haba Yaya, da furfurarki kike haddar tambayoyi? Akwai wani mutumina, sol ɗari biyar zai karɓa, lasin ya same ki har gida. Ni zan biya.

Ƙanenki, Teófilo

Huancayo, 11 ga Mayu

Teófilo,

Na amsa gaisuwa don tarbiyya kawai. Ashe ba ka da kunya? Wanda ya take Baba a bakin kasuwa, ka manta abin da ya faɗa a kotu? Cewa ya yi bai san an hana wuce mota a kwana ba, don sayen lasinsa ya yi. Ni da kai muka wanke jinin daga rigar Baba. Yau kai za ka haɗa ni da irin mutumin da ya sayar masa?

Ina tatsar shanu littafin ƙa'idojin hanya na kan gwiwata, duk ya yi ƙarnin madara. Sau biyu na faɗi, e. Riƙe kuɗinka.

Ka gaida Zoila da yara. Edelmira

Lima, 19 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Wa'azi a bakinki ba wuya! To ki sani, nawa lasin ma a hannun mutumin nan na same shi. Shekara goma sha takwas ina jan bas cike da fasinja, ban taɓa buge ko kare ba. Hanya a hannu take, ba a takarda ba. Da wannan bas ɗin na sayi akwatin gawar Baba, lokacin ba ki tambayi lasina ba.

Ki huta lafiya. Teófilo

Huancayo, 27 ga Mayu

Teófilo,

Da na sani, da a buhun dankali na binne Baba, kuma da bai yi fushi ba. Shekara goma sha takwas kana ɗaukar iyayen mutane kana caca da su! Har 'ya'yana na sa a motarka, ina alfahari. Ba ƙwarewa ba ce, sa'a ce, kuma sa'a tana ƙarewa.

Ranar Juma'a na shiga karo na uku. Talatin da bakwai na ci cikin arba'in, saura gwajin tuƙi. Ga littafin nan a ƙasan kwalin cuku. Cukun na Zoila ne da yara. Kai kuma kada ka taka gidana sai ka zauna jarrabawar da kanka.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so.

Lima, 15 ga Yuni

Yaya,

Barka. Na mayar wa mai bas makullinsa, ya zage ni tas, ya ba wani. Zoila ba ta yi min magana.

Shafi na talatin da ɗaya, alamar hanyar nan mai kusurwa uku wadda tsininta ke kallon ƙasa. Kullum ina wuce ta. Me take nufi?

Ƙanenki, Teófilo