Ni na kwashe garin yara, Kulu ta amsa sunan ɓarauniya

Assalamu alaikum ɗiyata mai wannan shafi, da ku masu karantawa, manya da yara. Ni ban iya rubutu ba, magana ce na ɗauka a waya na aiko, ki rubuta ta yadda na faɗe ta, kada ki gyara mini baki. Ki ɓoye sunana da sunan garinmu. Kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni tsohuwa ce a wani ƙauyen Hausawa kusa da Suki, bakin kogi. Muna da masid na Shehinmu, Allah ya jiƙansa, wurin karatu da saukar baƙi, a cikinsa kuma akwai takiyya, inda ake dafa abinci a ba duk wanda ya shigo ba a tambaye shi daga ina ba. Tun ina iya sauke babbar tukunya ni kaɗai, murhun takiyyar nan yake hannuna. Ku tambaya daga Wad Haddad har Kamlin, ba a taɓa ganin gindin tukunyata baƙo yana zaune ba. Abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya, ba ni da gona, ba ni da zinariya.

Bara halifa, jikan Shehu, ya ƙulla magana da mahalliyya, wato ƙaramar hukumarmu. Su za su kawo gari da mai da adas, wani ɗan ƙaramin wake, mu mu dafa fatur, wato karin kumallo, kowace safiya ga yaran kambo, 'ya'yan masu cirar auduga da ke bukkoki bayan gari. Aka tara mu gindin bishiya, wani ma'aikaci ya faɗa mana sharuɗɗa. Ba a tambayar yaro addininsa ko ƙabilarsa. Ba a sa shi karatu kafin a ba shi. Kuma ko ludayi ɗaya na kayan hukuma kada ya shiga hidimar masid, ɗakinsu daban, tukunyarsu daban. Na yi dariya na ce, "Ya ustaz, mu za ka koya wa ciyar da mutum? Kafin a haifi hukumarka muke wannan." Mata suka yi shewa. Amma da aka zo ba da makullin ɗakin kaya, ba ni aka ba ba. Aminiyata aka ba, zan kira ta Kulu, saboda ta yi ajin manya tana iya sa hannu. Kulu da muka taso tare, muka yi cirar auduga kunya ɗaya tun muna 'yan mata, na yi mata jego, ta yi mini zaman takaba. Na yi mata barka da bakina, amma abin ya tsaya mini a ƙirji. Ni da wuta, ita da makulli?

Aiki ya tafi lafiya, ba zan yi ƙarya ba. Yaran nan da suke zuwa da ƙashin wuya a waje suka fara murmurewa, har da 'ya'yan Kirista, suna ce mini Habboba, wato kaka, suna jan gefen tobina, mayafin da muke naɗawa.

Sai hauliyya ta zo, taron shekara na tunawa da Shehu. A shekarar, ruwa bai isa gonaki da kyau ba, masu hawasha, wato gonakin ban ruwa, da suka saba kawo buhunan dawa sadaka suka kawo ɗan abin da ya samu. Baƙi kuwa ba su san da wannan ba. Kashegarin farawa da hantsi na leƙa rumbun masid, ƙasa kawai nake gani, ga motoci na ta sauke mutane, ana buga gangar noba, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Ina tsaye wata Balarabiya daga cikin baƙi ta leƙo madafa tana dariya ta ce, "Ya Hajja, an ce a takiyyar Hausawa tukunya ba ta ƙarewa, yau mun zo gani da ido." Wasa take yi, na sani. A hannuna za a ce baƙin Shehu sun tashi da yunwa? Mutanen da suka baro garuruwansu don albarka?

Na sami Kulu tana yankan albasa, makullin ɗaure a gefen tobinta. Na ce, "Kulu, ara mini ɗakinki." Ta ɗago ta ce, "Ɗakina? Yaushe na yi ɗaki? Na yaran kambo ne." Na ce aro ne, da an yi girbi a mayar, buhu ya koma inda buhu ya fita, wa zai sani? Ta ce, "Ke kin ji sharaɗi, gabanki aka faɗa, har kina yi wa mutumin ba'a." Na ce sadaka ai sadaka ce, cikin Musulmi zai shiga, ba kasuwa zan kai ba. Ta ce, "Amana ce, Yaya." Nan na faɗi maganar da har yau take cina. Na ce, "To, an ba ki makulli kin zama hukuma. Yau Shehu ya zo ƙofarki yana roƙo kin hana shi. Allah ya ba ki sa'a, sitt Kulu." Ta daɗe tana kallona, idonta ya kawo ruwa, ba na albasa ba. Ta kwance makullin ta ajiye a ƙasa tsakaninmu, ta ce, "Ban ba ki ba." Ta juya ta ci gaba da yanka. Ni kuma na sunkuya na ɗauka.

Da kaina na dinga jido garin a daro, na ce wa mata wani attajirin Suki ne ya aiko, ba ya son a faɗi sunansa. Buhunan masu tambarin hukuma na cusa su ƙarƙashin tukunya suka ci wuta. Aka tuƙa asida, aka yi miyar adas, kowa ya ci ya bari. Balarabiyar nan ta dawo ta rungume ni tana cewa mashallah, baraka ce ta Shehu. Halifa ya sa mini albarka gaban jama'a. Kun san abin kunyar? Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi har cikin raina, na shiga cikin mata ina ba da labarin yadda tukunya ta ƙi ƙarewa.

Girbi bai jira ni ba. Bayan taro kunun yara ya fara tsinkewa, muna ƙara ruwa, har wata safiya suka zo da kwanoninsu muka ce su dawo gobe. Wata uwa ta kai kuka mahalliyya, ban ga laifinta ba. Mufattish, wato sufeton hukuma, ya zo bincike, mutum mai ladabi, ya buɗe ɗaki ya ga abin da ya gani. Aka zaunar da mu da halifa da dattawa. Ya ce zai faɗa mana gaskiyar doka don mu san inda muke. In mutum ɗaya ne ya ci amana, za a cire shi a sa wani, abinci ya dawo. In kuwa kayan sun shiga taron masid ne, an karya sharaɗi ke nan, za a soke yarjejeniya gaba ɗaya, kuma ba ya jin za a sake ƙulla ta da mu. Sai ya tambaya, ina kayan suka tafi?

Ni da ake taruwa a ji labari a bakina, ni da ban taɓa rasa amsa ba ko gaban hukuma, harshena ya mutu. Sai na ji Kulu ta ce, "Ni na sayar." Halifa ya ce, "Inna Kulu, ke?" Ta ce, "Ni. Talauci ne." Ba ta ko dubi inda nake ba. Don tsufanta da roƙon dattawa ba a kai ta gaba ba, 'ya'yanta suka sayar da awakinsu aka mayar da kaya. Abinci ya dawo. Da aka tashi neman mai riƙon makulli, dattawa suka ce ai ga wadda ba a taɓa jin kanta ba, ko ba ta iya sa hannu ta dangwala yatsa. Ni. Yanzu haka yana ɗaure a gefen tobina ina wannan magana.

Ku da ba 'yan ƙauye ba ba ku san yadda suna ke cin mutum ba. Babu wanda ya ce mata ɓarauniya a fuska. Sai dai in ta shigo gidan biki mata su jawo jakunkunansu kusa. Kuma Kulu ita ce mai wankan gawar mata a garinmu, aikin da ba a ba kowa sai mai amana, mai rufa asiri. Da wata tsohuwa ta rasu a unguwarsu, gida na kallon gida, aka tsallake ƙofarta aka ɗauko wata daga ƙauyen gaba. Tun ranar ba ta sake fita ba. Ta rame, ta kwanta, 'ya'yanta ba sa iya ɗaga kai a masallaci.

Makon jiya na tafi gaishe ta. Da ɗaki ya zama daga ni sai ita na durƙusa na kama ƙafarta, na ce gobe zan je gaban halifa in faɗi komai. Ta janye ƙafar ta ce, "Tashi, tsohuwar banza, kina jiƙa mini zane." Har ta yi 'yar dariya. Sai ta ce, "Ki faɗa don mi? Don ki samu barci? In kin buɗe bakin nan naki mai kamar ƙofar kasuwa, a rufe fatur, ni na sha kunya a banza ke nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na ce to ki yafe mini. Ta ce, "Wannan ki bar ni da shi tukuna, ban kai can ba. Abu guda nake so. In na riga ki, kada a ɗauko kowa daga wani gari. Ke za ki wanke ni, ko ba ki iya ba. Ke kaɗai kika san hannun nan bai yi sata ba."

Jama'a, tun ranar ban iya cin abin da na dafa ba. Da safe ina zuba wa yara kunu suna ce mini Habboba, ina tuna cewa da sunan Kulu aka saye shi. In na yi magana, na wanke ta, na ƙwace kwano daga hannun yaran da ba su san komai ba, na kuma karya abin da ta roƙe ni. In na yi shiru, za ta mutu 'ya'yanta na zaton uwarsu ta yi sata. Na yi tunanin in faɗa wa 'ya'yan nata kaɗai, amma wane ɗa ne zai ji an zalunci uwarsa ya riƙe a ciki? Kuma jikin nata ba ya jira, jiya ko ruwa da ƙyar ta sha.

Don girman Allah, masu ilimi da masu hankali, ku ba ni amsa tun tana numfashi. Me zan yi?